Neman shawara: ganyen fashon furut ɗina ya yi dabbare-dabbare, 'ya'yan kuma sun ƙandare

Mai Lambu, Jos: Assalamu alaikum jama'a. Ina da layukan fashon furut a kan waya, na kuma shuka wake a tsakaninsu don kada fili ya zauna banza. Tun da sanyi ya shigo, sabbin ganyen suka fara dabbare-dabbare, kore da rawaya, suna tattarewa da ƙuraje. 'Ya'yan sun zama ƙanana, karkatattu, ɓawon ya yi kauri da tauri, in ka fasa ruwan cikin bai taka kara ya karya ba. Na yi feshin maganin ƙwari, babu sauyi. Me zan yi?

Ɗan Fadama: Wa alaikumus salam. Ƙila yunwar taki ce, Malam. Ka ba shi NPK ka ƙara ban ruwa.

Malamin Gona: Ɗan Fadama, ƙarancin NPK ba ya sa ɓawo ya zama kamar katako. Malam Mai Lambu, alamomin da ka lissafa na bairos ne, cutar da ake kira ƙandarewar ɗan fashon furut. An fara bayyana ta a Ostireliya a 1901. A Burazil, wadda ta fi kowace ƙasa noman wannan ɗan itace, da kuma sassan Afirka, babban mai jawo ta shi ne bairos ɗin dabbare-dabbaren wake, wanda masana ke taƙaita sunansa CABMV. Ka ga ke nan waken da ka sa a tsakanin layuka shi ne abin zargi na farko. A wake cutar tana iya zuwa tun a cikin iri, sai darɓa, wato ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye, ta ɗauke ta ta kai wa tsiron da ke kusa. Tabbatar da ainihin wane bairos ne sai a ɗakin gwaji, amma matakin da za ka ɗauka ɗaya ne.

Mai Lambu, Jos: Yallaɓai, ni fa ban ga darɓa a jikin fashon furut ɗin ba. Kuma na ce na yi feshi.

Malamin Gona: Ba za ka gan ta ba, don ba ta zama a kansa. Sauka take yi ta ɗanɗana ganyen da bakinta ta tashi, kuma cikin daƙiƙoƙi ta riga ta zuba cutar. Kafin maganin ya kashe ta, aikin gama ya gama. Kada ka ƙara zuba kuɗi a feshi saboda wannan. Tsiron da ya kamu kuwa ba ya warkewa. In kaɗan ne suka kamu, ka tuge su da saiwa yau, ka fitar da su daga lambun ka ƙone. In ya game ko'ina, ka kwashe abin da za ka iya sayarwa, ka share duka lokaci guda, ka bar filin ya huta kafin sabon dashe. Kada ka dasa sabo kusa da tsohon da ke ɗauke da cutar.

Hajiya Mai Reno: In ƙara da abin da ya shafi sana'ata. Almakashin gyaran reshe ma yana yaɗa ta, sai a riƙa tsoma shi a ruwan bilic kafin a wuce tsiro na gaba. Kada ka yanki reshe a wannan lambun don dashe ko aure, wato haɗa shi da jikin wani tsiro. Ka yi renon sabon irin a ƙarƙashin raga mai ƙananan ido, ka bari ya yi tsawo sosai kafin ka fitar da shi, don wanda ya kamu yana ƙarami shi ya fi yin asara. Layukan masara a gefen lambu suna rage saukar darɓa, ko da yake ba katanga ba ne.

Mai Lambu, Jos: Allah ya saka da alheri. To 'ya'yan da ke sama fa, ana iya sha? Kuma zan iya ɗibar iri a cikinsu?

Malamin Gona: A sha, ba ya cutar da mutum, sai dai a kasuwa za su karya maka farashi. Iri kuma gara ka nema daga tsiro mai lafiya a wani lambun. Waken kuma ka mayar da shi wata gona mai nisa.