Kakar 2017: UCF ce zakara ko Alabama?

Baban Hanifa: Jama'a, ni har gobe ina kan bakana. Zakarar ƙwallon Amurka ta jami'o'i a 2017 ita ce UCF, jami'ar nan ta Orlando. Wasa 13 suka buga, 13 suka ci. A manyan ƙungiyoyi su kaɗai suka gama kakar ba wanda ya kai su ƙasa.

Nura: Haba yaya! Kofi dai yana hannun Alabama. Sun doke Georgia 26-23 a ƙarin lokaci ranar 8 ga Janairu 2018, bayan kocinsu Nick Saban ya sako ɗan wasa Tua Tagovailoa da aka dawo hutun rabin lokaci. Wanda ya ci wasan ƙarshe shi ne zakara.

Baban Hanifa: To wa ya bar UCF ta kai wasan ƙarshen? Ƙungiya huɗu kacal kwamitin gasar ke zaɓa su nemi kofi a lokacin, ya jefa UCF matsayi na 12. Ka hana mutum shiga fili, sannan ka ce bai ci ba?

Malama Rabi: Nura, duba nan. A watan Nuwamba Auburn ta lallasa Georgia 40-17, ta kuma doke Alabama 26-14. Su biyun nan ne suka buga wasan ƙarshe. Ranar 1 ga Janairu UCF ta haɗu da Auburn ɗin a Peach Bowl, ɗaya daga manyan wasannin ƙarshen kaka, ta ci 34-27.

Nura: Malama, wannan lissafi na "na doke wanda ya doke ka" ba ya kai mutum ko'ina. LSU ma ta doke Auburn a kakar, Troy kuma ta je har gidan LSU ta ci ta. Sai mu kai wa Troy kofi ke nan? Kuma Georgia ta rama kan Auburn, 28-7, a wasan kofin SEC, rukunin da su biyun da Alabama ke ciki.

Alhaji Tukur: Ni damuwata jadawalin ne. Kafin Auburn, ƙungiya ɗaya tak daga manyan rukunoni 'yan UCF suka fuskanta, wato Maryland. Wasansu da Georgia Tech guguwar Irma ta sa aka soke, wannan ba laifinsu ba ne, amma ba a ba da maki kan wasan da ba a buga ba. Sannan ku tuna yadda suka ci kofin rukuninsu: 62-55 da Memphis, sai da aka yi ƙarin lokaci sau biyu. Ƙungiyar da ake zura wa 55 ba za ta jure wa SEC mako bayan mako ba. Yaran sun burge ni, ban musa ba. A 2015 ko wasa ɗaya ba su ci ba cikin 12, koci Scott Frost ya zo ya juya su cikin shekara biyu. Ga ɗan wasansu Shaquem Griffin mai hannu ɗaya, ya hana 'yan Auburn sakat.

Malama Rabi: Alhaji, in cancanta ake bi, Alabama ko rukunin yamma na SEC ba ta ci ba. Tana gida ranar wasan kofin, aka ɗauko ta aka ba ta gurbi na huɗu, aka bar Ohio State da kofin rukuninta na Big Ten a hannu. Suna ne ya yi aiki.

Nura: Sunan ne ya doke Clemson 24-6 a wasan kusa da na ƙarshe? Ku kuwa daraktan wasanninku na lokacin, Danny White, shi ya naɗa ku da bakinsa, kuka tafi Disney World kuna fareti.

Baban Hanifa: Ba bakinsa kaɗai ba. Lissafin kwamfuta na Colley Matrix ya sa su na ɗaya, kuma NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, ta rubuta hakan a kundinta.

Nura: Kwamfuta guda ɗaya! A ƙuri'ar 'yan jarida ta AP na shida suka ƙare, mutum huɗu ne kawai suka ba su na ɗaya.

Alhaji Tukur: Baban Hanifa, tsakaninka da Allah, da an haɗa su da Alabama a fili ɗaya, wa kake gani?

Baban Hanifa: Alhaji, ranar jajibirin Peach Bowl an yi irin wannan tambayar, kusan kowa Auburn ya ce.

Nura: Auburn ɗin da ta riga ta rasa damar neman kofi tun Disamba, da Georgia ta doke ta. Yaya, a kawo wata hujjar.