Don Allah masu jin Turancin Turawa ku zo: finafinan fatalwa na ban dariya suna buɗe kunne?

Ɗan Jahun

Slm 'yan uwa barkanmu da war haka, ya kaka ya ɗaukar amfani. Wata matsala ce ta ishe ni na ce bari in kawo ta nan ko Allah zai sa a dace. Ni dai Turanci in a rubuce ne Alhamdulillah ba na shakkarsa, na ci kiredit a WAEC, na yi NCE, yanzu haka ina ɗan koyarwa a wata firamare nan ƙauyenmu gefen Jahun, amma wlh da zarar Bature ya buɗe baki shikenan an bar ni a tasha, musamman ɗan Amurka, ji nake kamar ya cika bakinsa da garin kwaki yake magana, sai in tsinci kalma ɗaya in rasa goma, alhali in ɗan Najeriya ne ke yi ko a rediyo ne babu abinda ke wuce ni.

To satin da ya wuce ɗan kawuna da ke karatu a Kano ya zo biki, da na yi masa kukan sai ya tura min wata folda ta Xender, cike da katun da wasannin barkwanci na talabijin ɗin Amurka, duk na wani bikinsu wai shi Halowin, fatalwowi ne da mayu da ƙwarangwal da kabewa mai ido da haƙora, har da waƙoƙi kusan goma, ya ce shi da irinsu kunnensa ya buɗe. Na zauna na kalla, ana ta ƙyaƙyata dariya a cikin fim ɗin ni kuwa ina zaune kamar an kai baƙauye kotu, ban san me ake wa dariyar ba. Ƙarin abin haushi daren jiya wata mayya ta saki wata irin shewa a sifika wajen ƙarfe goma sha ɗaya, sai ga Inna ta fito da tocila tana a'uziyya tana buga min ƙofa wai me na ajiye a ɗaki.

Tambayata, wannan hanyar tana aiki kuwa ko ɓata caji kawai nake? In tana yi ya ake yinta? Sannan shi Halowin ɗin nan mene ne asalinsa, kar mutum ya je neman kiba ya samo rama.

Malam Tica Ringim

Wa alaikumussalam abokin aiki. Da farko ka daina ganin laifin kanka, ciwon namu ne gaba ɗaya. Ka tuna takardar WAEC ta uku da ake ce wa oral, sunanta na baka amma mu nan Najeriya da fensir ake amsa ta, tambaya 60 ka yi ta shedin ba a kunna maka muryar kowa ba. Ido muka koya wa Turanci, kunne yana gida yana barci.

Ga inda gizo ke saƙar. Mu a Hausa kowace gaɓa sai mun ba ta haƙƙinta, doguwa ce ko gajera ce sai an ji ta, shi kuwa Bature a jimla guda kalma biyu ko uku kawai yake dannawa, sauran ƙananan ya murƙushe su ya haɗiye. Kai kana jiran ka ji what do you want guda huɗu reras, shi kuma abinda zai fito bakinsa wadaya wan ne, going to ta koma gona (ba gonar gero ba hhh), water a bakin ɗan Amurka ta koma kamar wara. Kalmomin duk ka san su, kamanninsu ne ba ka gane ba, kamar ka haɗu da maƙocinka ya sha rawani da amawali.

Shi ya sa hanyar ɗan kawun naka tana aiki, amma ba yadda kake yinta ba. Kar ka kalli fim ɗin gaba ɗaya kamar kana kallon fassarar Indiya. Ka yanki minti biyu kacal. Ka saurara sau biyu ba rubutun ƙasa, ka ɗauki biro ka rubuta duk abinda kunnenka ya kama ko shirme ne, sannan ka kunna sabtaitul na Turanci ka gwada da naka, wuraren da ka faɗi su ne darasinka na ranar, ka koma kansu kana maimaitawa da bakinka tare da ɗan wasan har sai harshenka ya yi irin lanƙwasar nasa. In ya yi maka sauri ka rage gudun zuwa 0.75, YouTube na da wajen, VLC ma haka. Minti biyun nan zai iya cin maka rabin awa kuma ya fi maka kallon awa uku kana gyangyaɗi.

A cikin foldar in akwai Scooby-Doo fara da shi. Tsohon katun ne tun 1969 kuma kusan kullum labarin ɗaya ne, a ce fatalwa ta addabi wani waje, yaran nan da karensu su bi sawu, a ƙarshe a tuɓe wa fatalwar fuska a ga ashe wani macuci ne ke tsorata mutane don ya ci wata dukiya. Tunda ka riga ka san inda aka dosa hankalinka ba zai tafi wajen neman labari ba, zai tsaya kan lafazi, kuma kalmomin su ne dai suke ta dawowa. Sai dai kar ka kwaikwayi karen, da gangan aka karya masa harshe yana liƙa r a gaban kalmomi, kar ka je aji ka koya wa yaran mutane Turancin kare. Haka tsofaffin wasannin nan marasa kala irin The Addams Family na 1964, 'yan wasan lokacin suna fitar da magana fes kuma sukan ɗan dakata a gama dariya kafin su ci gaba, wannan dakatawar ita ce kunnenka zai samu ya numfasa. Na Halowin ɗin katun ɗin Simpsons kuwa da suke yi duk shekara tun 1990, labari uku gajeru a kashi ɗaya, ka ajiye shi sai nan gaba, sauri gare su kuma rabin barkwancin habaici ne ga wasu finafinai da 'yan siyasarsu da ba ka sani ba, wani wajen ma bai dace yara su leƙo ba.

Dariyar da ka ce ba ka gane ba, yawanci wasa da kalma ne. Witch mayya da which wanne a bakin yawancinsu sauti ɗaya ne, coffin akwatin gawa kuma ya yi kusa da coughing tari, to a nan suke ƙulla abin. Ranar da ka riga mutanen cikin fim ɗin yin dariya ka zo ka ba mu tukwici.

Abu Sumayya

Malam Tica ka yi bayani amma ka tsallake tambayarsa ta ƙarshe kuma ita ce babba. Bikin nan asalinsa na maguzawan Turai ne, ni ban ga dalilin da Musulmi zai cika wayarsa da mayu da kaɗe-kaɗe da sunan koyon Turanci ba alhali ga labarai ga wa'azi da Turanci birjik, malamai Turawa da suka musulunta suna nan da yawa. Kuma ɗan uwa kai malamin yara ne, abinda ka saba ji shi zai fito bakinka. Inna ta fi ka gaskiya wlh. Allah ya sa mu dace.

Maman Ihsan BKD

Abu Sumayya maganarka akwai ƙamshin gaskiya, bari in ɗan faɗi abinda na sani kan asalin sai kowa ya auna. Ana yinsa daren 31 ga Oktoba. Mutanen da ne na ƙasar Ailan da Sukotlan suke bikin ƙarshen kaka da shigowar sanyi, sun yi imani a daren ruhohin matattu na yawo, daga baya coci ta sa ranar 1 ga Nuwamba ta zama ranar tunawa da waliyyansu, daren jajiberin shi ne sunan ya koma Halowin. Da yunwa ta kori mutanen Ailan zuwa Amurka wajen 1845 zuwa sama saboda ciwon da ya kama dankalinsu sai suka tafi da al'adar, a gida wani tushe mai kama da gwaza suke fafewa su sa wuta a ciki, a Amurka suka samu kabewa ta fi sauƙin fafa. Yau dai galibi harkar yara ce da 'yan kasuwa, yara su yi shigar dodanni su bi gida gida suna cewa trick or treat, wato a ba mu alawa ko mu yi tsiya. Ni da na fara gani tashe ya faɗo min a rai, yadda yaranmu ke sa gemun auduga da cikin tsumma in azumi ya kai goma suna bin gidaje ana ba su hatsi ko 'yan canji, duk da dai tushen ba ɗaya ba ne. Yin bikin daban, babu mai cewa ƙanina ya fafe kabewar miyan taushe ya kunna mata kyandir, sauraron yadda suke magana kuma daban, in zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa, hanyoyin koyo ba su ƙare ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma na zauna IELTS, jarrabawar Turanci ta masu neman karatu ko aiki a ƙasar waje, to ɓangaren saurare tambaya 40 ne kashi huɗu wajen minti talatin kuma sau ɗaya tak ake kunna maka, babu don Allah a maimaita, ga muryoyi kala kala, na Ingila na Ostireliya na Amurka. Abinda zan ƙara kan na Malam shi ne kar ka dogara da waƙoƙin nan. Waƙa tana koya maka inda ake dannawa da inda ake sassautawa kuma tana maƙalewa a ka, wannan gaskiya ne, amma mawaƙi yana ja wa kalma wuya yadda ya ga dama don ta hau kiɗa, ko waƙar Hausa ai wani baitin sai ka tambaya me aka ce. In za ka yi da su zaɓi wanda ake kusan magana a ciki, akwai wata tsohuwa ta 1962 Monster Mash, mutumin kusan labari yake bayarwa a hankali da muryar tsoratarwa ta wasa, ka samo rubutun baitocin ka goge kalma ɗaya a kowane layi ka ajiye kwana biyu ka manta sannan ka cike da kunne.

Sai kuma abu na biyu, kalmomin. Na taɓa zama na lissafa abinda na tsinta a irin waɗannan, kabari, jemage, tsintsiyar mayya, gidan da aljanu suka tare, to fisabilillahi a wace intabiyu za a tambaye ka jemage? Amfanin da na samu dai na gane tomb tum ake cewa b ɗin ba ta fita, ghost ma h ɗin ado ce. Don haka ka haɗa da 6 Minute English na BBC, mutum biyu ne suke hira minti shida kan abin duniya na yau da kullum kuma akwai rubutun duk abinda suka faɗa, ba ya cin data. Katun da daddare don nishaɗi, wannan da safe kafin ka tafi makaranta.

Sani Mai Caji

Hhhhh wlh labarin Inna ya gama da ni, Allah ya ƙara mata lafiya. Malam ka sayi iyafis mana ko mai arha ne a kasuwar Gujungu ranar Lahadi, ba don Inna kaɗai ba, sifikar ƙananan wayoyin nan tana cinye ƙarshen kalma, s da t ɗin nan duk ba za ka ji su ba sai abu na cikin kunnenka. Kuma kar ka ce za ka kalla kai tsaye a intanet da sabis ɗin ƙauye yana yi yana tsayawa, ka bari sai dare ka sayi datar dare ka sauke a ƙaramin hoto na 360p ya ishe ka tunda kunne ake nema ba ido ba. Wanda aka turo ma ta Xender sau da yawa ba sa zuwa da sabtaitul, fayil ne daban ɗan ƙarami mai srt a ƙarshe, ka ce ɗan kawun ya turo ma ta WhatsApp ka sa shi folda ɗaya da fim ɗin da suna iri ɗaya zai hau da kansa. Ni nan shago yara sun ishe ni da a tura musu fassara, kai ne na farko da na ji yana neman wanda ba a fassara ba.

Ɗan Jahun

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Malam Tica na gwada abin naka yau bayan la'asar a gindin dalbejiyar makaranta, minti biyu na Scooby ɗin, layi goma sha ɗaya na rubuta huɗu ne kawai suka yi daidai, wani wajen na rubuta sunan mutum ashe cewa aka yi let's get out of here, na maimaita ya fi sau ashirin har wani ɗalibina da ke dawowa daga kiwo ya tsaya yana kallona. Abu Sumayya na ji shawararka kuma na gode, waƙoƙin dama ba su dame ni ba na goge yawanci, na bar guda ɗayar da Anti Maman Ihsan ta faɗa in gwada cike gurbin da ita. Sani ina shigowa Gujungu Lahadi in sha Allah zan kawo wake, wane layi masu iyafis ɗin suke, kuma wanda ba ya mutuwa kunne ɗaya bayan sati nake so.