Wa ya taɓa tara kayan karatu da 'yan ajinsu a intanet? Ku faɗa mana yadda ta kaya

Ɗan Kurna:
Salamu alaikum jama'a. Ni ne wakilin ajinmu, muna aji biyu a jami'a. Na gaji da "don Allah a sake turo handawut ɗin nan". Yau a tura a WhatsApp, gobe ya nutse tsakanin barka da Juma'a da tallan turaren wuta. Muna so mu tara nots da tsofaffin tambayoyin jarabawa wuri guda. Waɗanda suka riga mu, me kuka tarar?

'Yar Zazzau:
Wa alaikumus salam. Mu yajin aikin ASUU na 2022 ne ya sa muka fara. Tun 14 ga Fabrairu muke zaune a gida har tsakiyar Oktoba, zaman ya ishe mu. Mu bakwai muka raba kwasa-kwasai, kowa ya ɗauki ɗaya ya buga nots ɗinsa, muka zuba a Google Drive, tunda yana ba da GB 15 kyauta. Da aka koma, har 'yan wani sashe suna roƙon mu adireshin.

To ga inda gizo ke saƙar. Wadda ta buga na lissafin ƙididdiga daga littafin wata ta kwafa, rubutu kamar tafiyar kaza. Inda aka rubuta n-1 sai ta ga n+1. Babu wanda ya duba, kowa ya yarda saboda ya ga abu a buge tsaf da kwamfuta. Ranar tes kusan rabin aji muka yi kuskure iri ɗaya, malamin ya rantse satar amsa muka yi. Sai da muka buɗe masa fayil ɗin a wayata a ofishinsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce mu fita. Makin dai bai dawo ba. Daga nan muka sa doka: ba a ɗora komai sai mutum biyu sun gwada shi da littafi, kuma a rubuta sunayensu a sama. Wallahi da suna ya shigo ciki, kowa ya nutsu.

Bakatsine:
Namu mutuwa ya yi. Da imel ɗin mutum ɗaya aka buɗe, ya gama ya tafi bautar ƙasa, aka sace wayarsa a tasha, layin ma bai samu ya dawo da shi ba. Aikin shekara uku, har da amsoshin da muka warware da hannu muka ɗauka hoto. Ɗan'uwa, ka buɗe imel na aji, mutum uku su san kalmar sirrin, ɗaya ya kasance daga ajin da ke bayanku.

Ɗan Damagaram:
Mu nan Nijar da Faransanci ake koyarwa, kuma a shekarar farko da yawa ba karatun ne ke kayar da su ba, harshen ne. Abin da ya fi yi mana amfani shi ne murya: wanda ya gane darasi ya yi bayani da Hausa minti biyar, ya tura. Telegram muka koma, don sabon shiga yana ganin duk abin da aka ajiye tun farko, kuma yana ɗaukar fayil har GB 2. Amma ku gajarta. Akwai wanda ya yi mana minti arba'in, rabi duk gyaran murya da kukan akuya a bayansa.

Malama H.:
Ni koyarwa nake, bari in sa baki. Ina jin daɗin abin, amma ku tambayi malami kafin ku ɗora handawut ɗinsa. Yawancinmu za mu yarda, har mu ba ku wanda aka gyara. Sannan ku sa shekara a kan kowane fayil. Tun da hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta kawo sabuwar manhajar CCMAS a madadin BMAS, lambobin wasu kwasa-kwasai da abin da ke cikinsu sun canja. Bara na ga yaro ya haddace babi guda da na daina koyarwa, ya cika min shafi biyu da shi, ban ma tambaya ba.

Ɗan Kurna:
Allah ya ƙara girma Malama, gobe zan fara bin ofisoshi. Yaya 'Yar Zazzau, cima-zaune fa? Mu ɗari da wani abu ne, na san waɗanda za su yi aikin ba su wuce biyar ba.

'Yar Zazzau:
Ƙanena, haka za ka gan su. Mun taɓa cewa sai wanda ya kawo abu za a ba shi, sati bai zagayo ba aka kwafe komai aka buɗe wani guruf. Muka haƙura. Ka dai matse fayilolin su zama ƙanana, data ta yi tsada tun ƙarin kuɗin 2025, wani a cikinku na naira ɗari biyu yake iya saya. Wane kwas za ku fara da shi?

Ɗan Kurna:
GST 111, kwas ɗin Turanci, shi kowa ke da takardunsa.