Yadda za a tattara kallon gida a talabijin guda

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. A gidanmu kowa da abin da yake kallo: yara katun a YouTube, Hajiya surukata tafsiri da shirye-shiryen Arewa24, ni fina-finan Hausa, Baban Ilham kuma ƙwallo. Kusan komai a wayata yake, ko girki nake sai an biyo ni kicin ana "Mama, ara mana." Talabijin ɗin falo tsohuwa ce, ba ta hawa intanet. Yaya zan yi?

Malam Nasiru, Fagge: Wa alaikumus salam, Maman Ilham. Ba sai kin sayi sabuwa ba. Ki duba bayanta, in akwai ramin HDMI, an gama. Ɗan akwatin Android TV ko Fire TV Stick za a soka mata, sai YouTube da Netflix da sauransu su fito a fuska ɗaya, da rimot ɗaya. Ana samu a Farm Centre da Sabon Gari. Amma a kunna miki shi a shagon, ki ga Netflix ya buɗe da idonki kafin ki biya. Akwai masu araha da ba su da izinin Netflix, hotonsu dishi-dishi yake fita.

Hajiya Binta: Ƙanwata, ni batun Hajiya ne ya fi tsaya min a rai. Tsofaffi ba sa son dogon latse-latse. A namu akwatin na jera manhajoji uku kacal a layin farko, sauran na tura su can ƙarshe. Innarmu ba ta karanta boko, amma ta gane jan akwatin YouTube, ta shiga tashar malaminta da kanta bayan la'asar. Ranar da ta fara kunnawa ba tare da ta kira kowa ba, wallahi har cikin zuciyata na ji daɗi. Kuma ki nemi rimot mai maɓallin magana, yana rage wahalar rubutu.

Baban Sadiq: Yara kuma a ware musu nasu. Netflix yana ba da shafi har 5 a asusu ɗaya, akwai na yara, kuma za ki iya kulle na manya da lambar sirri mai lambobi 4. A YouTube kada ki bar su a naki shafin. Ki sa musu YouTube Kids, ki zaɓi tashoshin da kika yarda da su. Mu tun da muka raba, tafsirin da nake bi ya daina cakuɗewa da katun.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. To data fa? Ita nake tsoro.

Malam Nasiru, Fagge: Dole ki ji tsoro. Netflix da kansu sun ce awa ɗaya a HD tana iya cin 3GB, matsakaicin hoto kuma wajen 1GB. Ki shiga saitin kowane shafi ki rage ƙarfin hoton, ki kashe abin nan da ke sa wani shiri ya fara da kansa in wani ya ƙare. Shi ne yake cinye data bayan yara sun yi barci a gaban talabijin. Sannan ki daina kunna wa akwatin data daga wayarki, rauta ta gida, wato na'urar da ke raba intanet a cikin gida, ta fi, mai kuɗin wata. MTN sun kawo 5G Kano tun 2022, amma ba kowace unguwa ba ce. Ki tambayi maƙwabta wane layi ne ya fi ƙarfi a gidajenku.

Anti Rabi, Hotoro: Ni dai shawarata, kada a biya komai da komai lokaci guda. Fina-finan Hausa masu dogon zango da yawa kyauta suke a YouTube. Manhajojin biya kuma, ga Northflix, ga Arewa24 On Demand. Ki zaɓi ɗaya na biya a wata, in kun gama abin da kuke bi ki dakatar, ki koma wani. Da azumi mu duk rufe su muke yi, tafsiri ya ishe mu.

Baban Sadiq: Ƙwallon Baban Ilham kuwa, in kuna da DStv, manhajar DStv Stream tana hawa akwatin da asusun da kuke biya.

Hajiya Binta: Malam Nasiru, in an ɗauke wuta fa? Rautar ma mutuwa take yi.

Malam Nasiru, Fagge: Hajiya, akwatin da rautar ba sa cin wuta sosai, ƙaramar inbata ta ishe su. Talabijin ɗin ce mai ci. Maman Ilham, ki ɗauki hoton takardar da ke manne a bayanta ki turo, in duba miki yawan wutar da take ja.

Maman Ilham: To Malam, bari Baban Ilham ya dawo daga masallaci ya janyo min ita daga bango. Allah Ya saka muku da alheri.