Ɓari uku a jere, ga maganin 'yan Sin mai fatar jaki

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawarar likitocin mata da malamai, abin ya tsaya mini a rai.

Maiɗakina ta yi ɓari sau 3 a jere, kowanne kafin ciki ya cika wata uku. Na ƙarshen a birnin Guangzhou na ƙasar Sin ya same mu, inda nake harkar kaya. A asibiti an yi hoton mahaifa, an auna jini, ba a ga komai ba, sai aka ɗora ta kan ƙaramin asfirin.

Daga nan muka je wajen likitan gargajiyarsu. Ya ɗora yatsu uku a wuyan hannunta, dama da hagu, ya daɗe shiru, sannan ya ce ta fito da harshe. Wai "hua tai" ne, ciki mai sulɓewa, kuma ƙarfin ƙoda ne ya gaza. Ƙodar tasu dai ba wadda muka sani ba ce, tushen haihuwa suke nufi. Ya rubuta mana Shou Tai Wan, haɗin abu huɗu. Ɗaya kauci ne irin namu, wannan bai dame ni ba. Amma akwai "e jiao", dafaffiyar fatar jaki, baƙi wuluk kamar alewa.

Ga ƙullin nan a ajiye, ba ta taɓa ba. Malamai, ya halatta a sha don larura? Likitoci, za a iya haɗa shi da asfirin, ko akwai gwajin da ya kamata mu nema tukuna? Baiwar Allah kullum cikin kuka take.