Me ya sa masu zanen Holan na dā suka ba shanu muhimmanci haka?

Ɗan Makiyayi: Assalamu alaikum. A shafin gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amsterdam na ga tsofaffin zane-zanen shanu da tumaki da aka yi da baƙin alli da jan alli, kuma saniya guda da ke kwance tana tuƙa ta tsaya mini a rai, domin duk wanda ya taɓa kiwo zai shaida cewa mai zanen ya daɗe yana kallonta. Me ya sa mutanen wancan zamani suka ɗauki wannan wahala a kan dabbobi? Kuma ina shanun nan masu baƙi da fari da aka san Holan da su?

Mai Zane: Wa alaikumus salam, Malam. A ƙarni na 17 arzikin ƙasar yana da alaƙa mai ƙarfi da madara da man shanu da cuku irin na Gouda da Edam. Sun janye ruwan tafkin Beemster a 1612 suka mayar da wurin makiyaya, kuma ana kawo shanu daga Denmark a yi musu kiwon ƙiba kafin a kai kasuwa. Attajiran birni ne masu sayen zane, da yawansu kuma suna da hannun jari a irin waɗannan filaye, saboda haka saniya a jikin bango abin alfahari ce.

Wanda ya fi shahara a cikin masu zanen shanu shi ne Paulus Potter, wanda aka haifa a 1625 ya mutu a 1654. Yakan fita daji da takarda ya zana dabba a tsaye ko a kwance, sannan ya koma gida ya haɗa babban aiki. A 1647 ya zana wani bijimi kusan daidai girmansa na zahiri, har da ƙudaje da kashin shanu a ƙasa, kuma zanen yana gidan Mauritshuis a birnin Hague. A ganina, ƙananan zanen allin sun fi shi rai, musamman na wani mai zanen Holan, Adriaen van de Velde.

Likitan Dabbobi: Ina goyon bayan wannan ra'ayi, kuma ina da dalili. Masana da suka duba bijimin Potter sun lura cewa haƙoransa da ƙahonsa ba na shekaru ɗaya ba ne, abin da ke nuna cewa daga zanen dabbobi daban-daban ya harhaɗa shi. Dillali a kara, wanda da haƙori yake gane shekarun bijimi, ba zai rasa ganin haka ba.

Game da launi kuwa, garken wancan lokaci gauraye yake, akwai jajaye da masu rodi-rodi da yawa. Annobar ciwon bushiya ta hallaka shanun ƙasar sau da dama a ƙarni na 18, aka shigo da wasu daga Denmark, daga baya kuma masu kiwo suka riƙa zaɓen baƙi da fari. Zuriyarsu ce Firiziyan da aka yi barbararsu da Bunaji a cibiyoyin binciken dabbobi na Shika da Vom.

Ɗan Makiyayi: Na gode ƙwarai, Likita. Zan koma in sake duban bakin bijimin nan da ƙahonsa.