Soshal (Social Studies) ɗin ƙaramar sakandare (JHS) a Ghana, me yarinya za ta riƙe?

Maman Fati, Aboabo: Salamu alaikum 'yan uwa, yarinyata za ta zauna BECE, jarrabawar gama JHS, bana amma soshal na ba ta wahala musamman tarihi, don Allah ta ina za ta fara?

Tica Asawase: Wa alaikumus salam Hajiya. Ta kama shekarun tukuna, yarjejeniyar Turawan Ingila da sarakunan Fante 1844, kafa jam'iyyar UGCC 1947, harbin tsofaffin sojoji a Osu 1948, 'yanci 6 ga Maris 1957, jamhuriya 1960. Kuma yankuna yanzu 16 ne fa, tsohon littafi 10 zai ce mata.

Ɗan Nima: Ku da kuke Kumasi ma? Ki kai ta gidan tarihin Manhyia, a fadar Sarkin Asante, ta gani da idonta, yaƙin Yaa Asantewaa da Turawa na 1900 zai zauna mata daram.

Maman Fati: Kai Tica, littafin yayanta take karantawa! Gobe sai kasuwar Kejetia neman sabon littafi in Allah ya yarda.